Saƙo Ko Majalisa: Ina Masu Gyara Ke Ajiye Iliminsu?



Ina gaishe da iyayenmu sarakunan unguwa da wakilansu, da malamai da limamanmu da suka taso daga New Bell duk da cunkoson hanya. Ina gaishe da shugabannin masu gyaran waya da kwamfuta da suka shirya wannan zama a nan Akwa, cikin birnin Duwala, da kanikawan mota da na babur da suka rufe gareji suka zo, da iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata da ke zaune ta wancan gefen. Gaisuwa ta musamman ga yaran shago, masu koyon aiki, waɗanda na san wasunsu sai da suka roƙi maigida kafin ya sake su. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya.

An ce in yi magana a kan yadda masu aikin fasaha ke musayar ilimi a tsakaninsu. Na taƙaita shi zuwa tambaya ɗaya: idan wani a cikinku ya gano maganin matsalar da ta gagari kowa, ina wannan ilimin yake zuwa? Hanya biyu muka sani. Ko dai a aiko maka da shi ya same ka a inda kake, wannan shi ne saƙo. Ko kuwa kai ka tashi ka je inda ake taruwa ka same shi, wannan ita ce majalisa. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sannan in faɗi abin da nake gani duka biyun sun rasa.

Na farko: majalisa

Tsofaffinmu da suka sauka a New Bell ba su zo da waya ba. Unguwar ma kanta Jamusawa ne suka yanke ta lokacin da suka ƙwace filayen bakin kogi daga hannun mutanen Duwala, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ran 8 ga Agusta, 1914. Baƙi daga ko'ina suka cika ta, namu suka zo da goro da shanu da fawa da ɗinki. Baƙon da ya sauka, ina yake jin farashi? Ina yake jin wane ne amintacce, wane ne ba a ba shi bashi? A zauren mai masauki, da ƙofar masallaci bayan la'asar, da bencin tela.

Wannan tsarin bai mutu ba, kaya kawai ya sauya. Ku leƙa layin masu waya na Ancien Troisième a nan Akwa, ko layin kayan mota na Camp Yabassi, ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Teburin wannan na jikin na wancan. Waya ta ƙi ɗaukar caji, an canza bakin caji ta ƙi, an canza batir ta ƙi, sai mai gyara ya miƙa wa maƙwabcinsa, shi kuma ya ɗora mita a kan injin ya ce, "Duba nan, layin nan ne ya yanke." Minti biyu an gama.

Abin da majalisa ke da shi wanda ba a sayensa da kuɗi abu biyu ne. Na ɗaya, ido da hannu. Yaro ba zai koyi yawan zafin da ake ba dalma daga bayani ba, sai ya ga hannun maigidansa yana yi, ya ƙona allo ɗaya ko biyu, an yi masa faɗa. Na biyu, kuma wannan shi ne babba, a majalisa akwai mai tsawatarwa. Idan yaro ya kawo shawarar banza, akwai dattijon da zai ce, "Kai, bari, ba haka ake yi ba," kowa ya ji, maganar ta mutu a nan. Kowa ya san nauyin bakin kowa, domin an ga aikinsa.

Illarta fa? Sai wanda ya zo. Mai shago a Bonaberi, wanda sai ya haye gadar Wuri, ba ya cikin hirar Akwa. Matan da suka shiga wannan sana'a, kuma suna shiga, ba sa zama a bencin maza. Sannan ma'ajiyar majalisa ita ce kan dattijo. Ran da ya koma Garwa ko Marwa da zama, ko Allah ya yi masa rasuwa, shekara talatin na sanin rediyo da talabijin sun tafi tare da shi. Wa a cikinku zai iya gyara tsohuwar talabijin mai ƙeya a yau? Na ga hannu biyu, kuma duka biyun akwai furfura a bayansu.

Na biyu: saƙo

Kada matasa su ɗauka su suka ƙirƙiro saƙon murya. Tun bayan da jirgin ƙasa ya isa Ngaundere a 1974, wasiƙa na tafiya a hannun fasinja da direba, kuma waɗanda ba sa rubutu kaset suke ɗauka su cika shi da magana su aika gida. Abin da ya sauya shi ne sauri da yawa. An kafa WhatsApp a 2009, ya ƙaro saƙon murya a 2013, kamfanin Facebook ya saye shi a 2014 a kan kusan dala biliyan 19. A 2022 kamfanin ya ce ana aika saƙon murya biliyan 7 a kowace rana. Zauren WhatsApp ɗaya kuma yanzu yana ɗaukar mutum 1,024.

Ba na cikin masu zagin wannan abu. A gari irin Duwala, inda mutum ɗaya ke magana da Hausa a gida, Fulatanci da maƙwabci, Faransanci da mai kaya, Turancin kasuwa da mai sayar da sikirin, amma ba lalle ya iya rubuta ko ɗaya da sauri ba, saƙon murya rahama ne. Ka ɗauki hoton injin waya, ka danna ka yi bayani, kafin ka sha shayi wani a Kano ko Maraɗi ya amsa. Ya kai ilimi Bonaberi, ya kai shi ɗakin matar da ke gyara a gida. Majalisa ba ta taɓa yin haka ba.

Amma ina so ku amsa mini da gaskiya. Wa ya taɓa neman amsar da aka bayar bara a zauren, ya same ta? Rubutu ana iya lalubo shi da kalma ɗaya. Muryar minti huɗu da ke tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure da tallan batir, ta yaya za ka lalubo ta? Wanda aka saka a zaure yau ba ya ganin abin da aka tattauna bara. Waya ta cika, a share. Waya ta faɗa ruwa, shi ke nan. Don haka tambaya ɗaya ake maimaitawa duk wata, har manyan masu sani su gaji su yi shiru, ko su fice. Idan suka fice, su wa suka rage suna amsawa? Waɗanda suka fi kowa lokaci, ba waɗanda suka fi kowa aiki ba.

Ga kuma rashin mai tsawatarwa. Ka yi tambaya, amsa goma ta zo, duka da girma ɗaya a kan allo. Ta gwanin da ya shekara ashirin yana aiki da ta yaron da ya kalli bidiyo jiya, babu abin da ya bambanta su. Har yau akwai masu cewa a tura wayar da ta jiƙe cikin shinkafa, alhali kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone da kada su yi haka, domin ɓurɓushin shinkafar na iya shiga ya ƙara ɓarna. A benci, dattijo zai kashe wannan magana da kallo ɗaya. A waya kuwa sai a tura ta gaba.

Abin ya yi kama da ruwan Agusta a garin nan: yana zuba ta indararo dare da rana, amma gidan babu randa, gobe sai an fita neman na sha.

Na uku: gidan wa muke ajiya?

Wannan gajere ne amma kada a raina shi. Ran 17 ga Janairu, 2017 aka yanke intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na ƙasar nan, ba a dawo da ita ba sai 20 ga Afrilu. Matasan Buea masu rubuta manhaja, waɗanda ake wa laƙabi da Silicon Mountain, sai da suka riƙa yin tattaki zuwa Duwala, wasu suka kama ɗaki a Bonako, a bakin iyakar yankin, don kawai su samu layi. Ran 4 ga Oktoba, 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duk duniya na kusan awa shida. Ran 14 ga Maris, 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashe da yawa na yammaci da tsakiyar Afirka suka shiga wahala, har da mu. Sau uku, dalili uku daban: hukuma, kamfani, teku. Ko ɗaya ba a shawarce ku ba. Ban ce a bar amfani da kayan mutane ba. Na ce abin da ba ka da kwafinsa a hannunka, aro ne.

Na huɗu: ilimin da babu shi a ko'ina sai a wurinku

Nan zan ɗan daɗe, domin na san abin da wani matashi ke faɗa a ransa: "Malam, me za mu rubuta? Komai yana YouTube." Gaskiya ne akwai abu da yawa. Mutanen Indiya da Pakistan da Sin sun cika shi da bidiyon gyara, kuma Tecno da Itel da Infinix da suka cika teburanku duka na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen, don haka zanen injinsu ɗaya ne ko'ina. Amma injin ɗaya ne, ciwon ba ɗaya ba ne.

Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara ya kai kusan milimita 3,600. Na Kano bai cika kaiwa 1,000 ba. Wayar Kano ƙura ce da zafi ke kashe ta: bakin caji ya toshe, batir ya kumbura. Wayar Duwala laima ce ke cinta a hankali, tsatsa ta kama ƙafafun da ido ba ya gani, ga iskar teku mai gishiri. Ɗan bensikin, wato ɗan acaba, da ke yini a cikin ruwa da waya a aljihu, ciwon wayarsa daban yake da na mai zama a ofis a Bonanjo. Ku ƙara da ɗauke wuta da dawowarta da ƙarfi, da cajar jabu da ke shigowa kwali-kwali. Wane wuri ne tsatsa ke fara kamawa a wane samfurin? Wane sikirin ne cikin masu shigowa kasuwa ke ɗaga wa bayan wata biyu? Wace caja ce ke ƙona abin da ke kula da caji a cikin injin? Mutumin Shenzhen bai san wannan ba, bai taɓa shan damina a New Bell ba. Ku kuka sani, kuma kowannenku ya san yanki ne kawai. Haka abin yake ga kanikawa: abin da ramukan hanya da ambaliya ke yi wa babur a nan, ba ya cikin littafin da ya zo da babur ɗin.

Akwai wani labari daga Amurka da ya dace da ku. Kamfanin Xerox mai injinan kwafi yana da dubban masu gyara, kowa da katon littafin umarni daga kamfani. Wani mai bincike, Julian Orr, ya bi su yana kallon yadda suke aiki, ya wallafa abin da ya gani a 1996. Me ya tarar? Ainihin ilimin ba ya cikin littafin. Yana wurin karin kumallo, inda suke haɗuwa suna ba juna labarin injin da ya wahalar da su da yadda suka shawo kansa. Majalisa ke nan. Da kamfanin ya gane haka sai aka gina wata ma'ajiya mai suna Eureka, aka fara gwada ta a Faransa. Ku lura da sharuɗɗanta biyu: ba a shigar da dabara sai wasu gwanaye daga cikin masu gyaran sun tantance ta, kuma kowace dabara tana ɗauke da sunan wanda ya kawo ta. Ba kuɗi aka riƙa biyansu a kan kowace dabara ba. Sunan ne ladan.

Kuma ba sai mun je Amurka ba. A Fumban, Sarki Ibrahim Njoya ya ƙirƙiro rubutun Bamun a wajajen 1896, ya yi ta gyara shi har ya sauƙaƙa. Cikin abubuwan da ya sa aka rubuta har da magungunan da masu maganin ƙasarsa suka sani, waɗanda da a baki kawai suke. Ya rasu a Yawunde a 1933, nesa da gida, amma takardun suna nan a fadar Fumban. Mu kuma muna da namu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta karatu a waƙe, ta horar da mata masu malafa da ake kira jaji, su haddace su kai wa matan karkara, su kuma dawo da tambayoyi. Ku dubi wannan tsari da ake kira 'Yan Taru da kyau: akwai saƙo mai zuwa har gida, akwai taro, amma a ƙarƙashinsu akwai rubutaccen asali wanda idan jaji ta manta baiti za a koma a duba. Mu mun riƙe saƙon, mun riƙe taron, asalin ne muka bari.

Na biyar: sirrin sana'a

Na san wannan ita ce maganar da za a yi a waje idan an tashi, gara in yi ta a ciki. "In na rubuta abin da na sha wahala na gano, me zan ci?" Tambaya ce ta mai hankali, ba ta mai rowa ba. Mutum ya kwana uku a kan waya ɗaya, ya ƙona kayansa, sannan a ce ya bayar kyauta?

Ga yadda nake gani. Akwai sirrin da naka ne: inda kake saro kaya, farashin da ake ba ka, amanar da ke tsakaninka da masu kawo maka aiki. Wannan riƙe abinka. Amma sanin cewa samfuri kaza yana da ciwo kaza, wannan sirri ne mai gajeren rai. Waya ba rini ba ce. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun yi ɗaruruwan shekaru da baba da toka, abin da kaka ya sani jika na cin abinci da shi. Ku kuwa, samfurin da kuke ɓoye maganinsa yau, nan da shekara uku babu mai kawo shi. Ka ɓoye abu har ya ruɓe a hannunka, shi ma maƙwabcinka ya ɓoye nasa, ku biyun kun kwana uku-uku a kan abin da ɗaya ya riga ya sani. Kuma mai waya ba wanda ya san sirri yake nema ba, wanda hannunsa ke da kyau kuma ba ya musanya masa batir yake nema. Hannu ba a kwafarsa daga takarda.

Na shida: abin da nake ba da shawara

Ba manhaja nake tallatawa ba, ba kuma na ce a nemi tallafi daga wata ƙungiyar waje. Kuna da adashi, kuna da ma'aji, kuna da littafin da ake rubuta wanda ya zuba da wanda bai zuba ba, kuma ban taɓa jin wannan littafin ya ɓata ba. Kuɗi kun iya tsare su. A buɗe littafi na biyu.

A naɗa magatakarda, a ba shi ɗan abin sabulu daga asusu, domin aikin da ba a biya ba wata biyu yake yi. Aikinsa: duk mako ya bi zauren, ya tsamo matsalolin da aka warware, ya rubuta kowace a layi biyar. Wane samfuri, me ya nuna, me aka gwada bai yi ba, me ya yi, wa ya gano. Layi na uku shi ne wanda kowa ke tsallakewa, alhali shi ya fi ceton lokaci. Mai tambaya kuma a ɗora masa sharaɗi: idan aikin ya yi, ya dawo ya faɗa. Yawancinmu da zarar waya ta kama sai mu ɓace, waɗanda suka ba da shawara ba su san wacce ta ci ba.

Sau ɗaya a wata a zauna, gwanaye uku su saurari abin da aka rubuta, su ce wannan haka ne, wannan a sake gwadawa. A nan majalisa ta dawo da aikinta na tsawatarwa. Abin da suka amince da shi a tura wa kowa a waya, a rubuce kuma a karanta da murya saboda waɗanda karatu ke yi wa nauyi. Wane harshe? Wanda aka yi aikin da shi. Hausa da boko ko da ajami, sunayen kaya yadda kuke kiransu a teburi, ko da Faransanci ne. Kada a tsaya jiran ƙamus.

Wani zai ce takarda ma tana ƙonewa. Haka ne, Kasuwar Kongo ta sha gobara fiye da sau ɗaya, ta Sabon Gari a Kano ta ƙone a 2016. Shi ya sa za a yi kwafi uku: littafi a shago, hotonsa a kwamfutar wani, wani kwafin a gidan shugaba a wata unguwa.

Zauren waya kuma a raba shi biyu, don Allah. Ɗaya na zumunci, a yi barka da ta'aziyya da muhawarar ƙwallo. Ɗaya na aiki zalla. Na san wanda aka ba riƙon zaure na biyun zai yi baƙin jini a makon farko, domin sai ya goge saƙon wani babba. Shugabanni su tsaya masa.

Ku yaran shago, wannan aikin naku ne kafin na kowa. Kun fi iyayen gidanku saurin rubutu a waya, su kuma sun fi ku sanin abin da ya cancanci a rubuta. Wanda ya riƙe littafin nan shekara ɗaya, duk matsalar da ta ratsa layin sai ta bi ta hannunsa.

Na ga mai gabatarwa yana duban agogo, kuma magariba ta kusa.  Yanzu fili naku ne: mai tambaya ko mai gyara ya ɗaga hannu, kuma zan so a fara da kanikawa, domin na fi ba masu waya lokaci.